Kujera Ɗaya, Masu Jira Da Yawa: Tarihin Da Ke Bayan Fim Ɗin The Devil Wears Prada

A tsakiyar shekarar 1988, Grace Mirabella ta cika shekara 17 tana riƙe da kujerar babbar editar mujallar Vogue ta Amurka. A hannunta yawan kwafin da mujallar ke sayarwa ya tashi daga kusan 400,000 zuwa sama da miliyan ɗaya. Amma ranar da aka sauke ta, babu wanda ya kira ta ofis ya faɗa mata. Wata 'yar jarida mai suna Liz Smith ce ta sanar a talabijin a birnin New York cewa Anna Wintour za ta gaje ta, kuma daga gida labarin ya iso wa Mirabella kafin ta ji shi daga bakin masu kamfanin. Ita ma Mirabella ta hau kujerar ne a 1971, bayan an sallami Diana Vreeland, matar da ta yi wa aiki a matsayin mataimakiya shekara da shekaru.

Wanda ya san wannan tarihi zai kalli fim ɗin The Devil Wears Prada na 2006 da wani ido dabam. Masu kallo da yawa sun ɗauke shi labarin muguwar shugaba da yarinya mai haƙuri, an yi masa ado da tufafi masu tsada. Sai dai kowane ɗaya daga cikin mutanen da ke cikinsa yana tsaye ne a wani gurbi da wasu mutane na zahiri suka taɓa tsayawa a mujallun ado na Amurka cikin sama da shekara ɗari: mai kujera, mai jiran gado, wadda ta ba da ranta ga aikin, da kuma mai kamfanin da ke iya tsige kowa. Alaƙar da ke tsakaninsu ita ce ainihin labarin. Abin da fim ɗin ya nuna shi ne yadda biyayya ke hawa sama a irin wannan gida ba tare da ta sauko ƙasa ba, da yadda ake biyan na ƙasa da alkawari maimakon lada.

Daga teburin mataimakiya zuwa majigi

Lauren Weisberger ta kammala jami'ar Cornell a 1999, ta yi kusan shekara guda tana mataimakiyar Anna Wintour a Vogue. A 2003 ta fitar da littafin ƙagaggen labari mai wannan suna, wanda ma'anarsa ita ce shaiɗan yana sanye da kayan Prada, wato shahararren kamfanin tufafi na Italiya. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, domin kowa ya ɗauka ya san wadda ake nufi. Kamfanin 20th Century Fox ya mayar da shi fim, David Frankel ya ba da umarni, Aline Brosh McKenna ta rubuta shi, aka fara haska shi ranar 30 ga Yuni, 2006. Ya tara sama da dala miliyan 320 a duniya. Meryl Streep ta fito a matsayin Miranda Priestly, babbar editar wata mujalla da aka ƙirƙira mai suna Runway. Anne Hathaway ta fito a Andy Sachs. Emily Blunt a Emily Charlton. Stanley Tucci kuma a Nigel.

Yadda aka shirya fim ɗin ma ya nuna irin ƙarfin da yake magana a kai. Masu zayyana tufafi da yawa sun ba da aron kayansu ga Patricia Field, wadda ta tsara suturar 'yan wasan, amma kaɗan ne suka yarda su nuna fuskarsu, saboda gudun ɓacin ran Wintour. Valentino Garavani na cikin 'yan kaɗan ɗin da suka fito. Ita kuwa Wintour da aka gayyace ta kallon fim ɗin, sai ta zo sanye da kayan Prada.

Silsilar masu kujera

An kafa Vogue a 1892, Condé Nast ya saye ta a 1909. Edna Woolman Chase ta shiga gidan a 1895 tana da shekara 18, aikinta rubuta adireshi a bayan ambulan. Ta zama edita a 1914, ta riƙe kujerar har 1952. Wannan shi ne tushen tatsuniyar da masana'antar ke ba kowace sabuwar yarinya: ki jure ƙaramin aiki, wata rana ke ce a sama.

Chase ta raini wata 'yar asalin ƙasar Ailan mai suna Carmel Snow, wadda ta shiga Vogue a 1921, har ana ganin ita ce magajiya. Amma Chase ba ta da niyyar tashi. A 1932 Snow ta tsallaka zuwa Harper's Bazaar, babbar kishiyar Vogue, mallakar William Randolph Hearst. A gidan Nast an ɗauki wannan a matsayin cin amana, kuma ba a yafe mata ba. A 1936 Snow ta ɗauki Diana Vreeland aiki, suka ɗaga Harper's Bazaar tare da mai ɗaukar hoto Richard Avedon da mai tsara shafuka Alexey Brodovitch. Da lokacin ritayar Snow ya zo a ƙarshen shekarun 1950, bayan Vreeland ta yi sama da shekara 20 tana hidima, sai aka tsallake ta aka ba Nancy White, wadda 'yar ɗan'uwan Snow ce. Vreeland ta koma Vogue a 1962, ta zama babbar edita a 1963, aka sallame ta a 1971 bisa ƙorafin kashe kuɗi da kuma cewa zamani ya wuce salonta. Mataimakiyarta Mirabella ta hau. Ita ma aka yi mata abin da aka yi wa uwargijiyarta.

A duk waɗannan sauye-sauye, mace ce a kan kujera amma namiji ne ke riƙe da ƙafafunta: Nast, Hearst, sannan S.I. Newhouse da babban daraktansa Alexander Liberman. Hollywood ta daɗe da lura da wannan irin mace. Fim ɗin Lady in the Dark na 1944 ya nuna editar mujallar ado da aikinta ya jefa ta cikin damuwa har ta nemi likitan ƙwaƙwalwa. Funny Face na 1957 ya kawo edita mai ba da umarni kamar janar, wadda aka gina a kan siffar Vreeland da Snow. Abin da The Devil Wears Prada ya ƙara shi ne ya juya kyamara zuwa ga teburan da ke bakin ƙofar ofishin.

Miranda da Andy

Andy ta fito daga jami'ar Northwestern da burin zama 'yar jarida mai rubuta labarai masu nauyi. Ta karɓi aikin mataimakiya ta biyu ne domin an ce mata duk wadda ta yi shekara guda a wurin Miranda, babu mujallar da za ta rufe mata ƙofa. Tun daga nan aka ƙulla cinikin: shekara ɗaya ta rayuwarta a bakin takardar shaida. A makonnin farko Miranda ba ta ma kiran ta da sunanta, da sunan Emily take kiran ta, domin a wurinta gurbin ne ke da suna. Kullum da safe takan jefa mayafinta da jakarta a kan teburin Andy ta wuce. Wannan ma yana da asali: jaruma Ali MacGraw, wadda ta yi wa Vreeland aiki a Harper's Bazaar wajen 1960, ta ba da labarin yadda aka taɓa jefo mata riga haka.

A littafin Weisberger, Miranda azzaluma ce kawai. Streep ce ta nace a ba ta zurfi. Ta rage murya maimakon ta ɗaga, ta ce ta koyi hakan daga yadda Clint Eastwood ke magana a hankali har kowa ya matso ya saurara. Ta kuma tsaya a kan a bar wurin da Miranda ke yi wa Andy bayani a kan shuɗiyar rigar sanyin da take sanye da ita. Andy ta yi dariya ganin ana muhawara a kan ɗamara biyu da take ganin duk ɗaya ne. Miranda ta bi mata tarihin launin rigarta, daga ɗakunan manyan masu zayyana zuwa manyan kantuna, har zuwa kwandon gwanjo inda ta tsince ta, ta nuna mata cewa abin da take ganin zaɓinta ne, mutanen da ke cikin ɗakin nan ne suka zaɓa mata. Daga wannan wuri alaƙar ta tashi daga ta mai zalunci da wadda ake zalunta, ta koma ta malama da ɗaliba. Miranda ta san aikinta, Andy kuma ta raina abin da ba ta fahimta ba.

Hatsarin yana nan. Da Miranda wawuya ce, da barin ta ya yi sauƙi. Saboda gwana ce, yabonta ya zama abin nema. Andy ta sauya sutura, ta rage jiki, ta samo wa tagwayen Miranda littafin Harry Potter da ba a riga an buga ba, aka amince mata ta riƙa kai kundin shafukan mujalla gidan Miranda da dare. Kowace nasara tana matsar da ita kusa, kowane kusanci kuma yana ƙara mata bashi. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hausa tana da suna ga alaƙa mai kama da wannan, wato ta uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ko ta ubangida da yaronsa. Amma a can hakki ta fuska biyu yake tafiya: na ƙasa yana hidima, na sama kuma yana ɗaukar nauyi, ya tsaya masa ranar biki da ranar wuya. A Runway rabin farko kaɗai aka rubuta. Rabi na biyu sai yadda Miranda ta ga dama.

Emily, wadda ta yi imani

Emily Charlton, mataimakiya ta farko, ita ce ta fi kowa yarda da tatsuniyar Edna Chase. Ta hana kanta abinci na tsawon makonni, sai ta ji jiri sannan ta ci ɗan yankan cuku, duk domin tafiya makon baje kolin tufafi na Paris. Tsiwar da take yi wa Andy ba ta rasa dalili: ta ga an kawo wadda ba ta damu da aikin ba an ajiye ta a teburin da ita ta yi shekaru tana nema.

Faɗuwarta ta zo ne ta ƙaramin abu. A wani babban taron tara kuɗi, mura ta kama ta, ta manta sunan wani jakada da ya tunkaro Miranda, Andy ta raɗa sunan. Ba da jimawa ba Miranda ta yanke cewa Andy ce za ta je Paris, ta kuma ɗora mata nauyin sanar da Emily da bakinta. Kafin ta gama faɗa, mota ta buge Emily a titi tana ɗauke da gyalen Hermès na Miranda. Andy ta riƙa cewa ba ta da zaɓi. Emily daga gadon asibiti ta ƙi karɓar wannan uzuri, kuma fim ɗin ya goyi bayan Emily. Dabarar Miranda a nan tsohuwa ce a gidajen mulki: idan na ƙasa biyu suna kallon juna, babu mai kallon sama.

Nigel da ladan jira

Idan akwai uwar ɗaki ta gaskiya a fim ɗin, Nigel ne. Shi ya faɗa wa Andy gaskiya lokacin da ta zo tana kuka, cewa ƙorafi take yi ba ƙoƙari ba. Shi ya buɗe mata ɗakin ajiyar tufafi ya tufatar da ita. Ya ba ta labarin yarintarsa a jihar Rhode Island cikin 'yan'uwa maza shida, yana ɓuya cikin bargo da tocila yana karanta Runway. Ya yi shekara 18 yana riƙe wa Miranda mujallar.

A Paris ya shaida wa Andy cewa zai bar Runway ya shugabanci sabon kamfanin wani mai zayyana tufafi, James Holt, kuma Miranda ce ta ba da sunansa. A lokaci guda mai kamfanin, Irv Ravitz, yana shirin sauke Miranda ya ɗora Jacqueline Follet, editar reshen Faransa, wadda ta fi ta ƙuruciya kuma ba ta kai ta tsada ba. Miranda ta riga ta sani. Ta shirya aka ba Jacqueline kujerar da aka yi wa Nigel alkawari, ta kuma nuna wa Irv jerin sunayen masu zayyana, masu ɗaukar hoto da marubuta da suka yi alkawarin bin ta duk inda ta koma. A gaban jama'a, a wurin liyafa, Nigel ya ji an kira sunan wata. Ya tafa hannu tare da kowa, ya ce wa Andy idan lokaci ya yi Miranda za ta saka masa. Da ta tambaye shi ko ya tabbata, ya amsa cewa bai tabbata ba, fata kawai yake yi.

Wannan shi ne labarin Vreeland lokacin da aka ba Nancy White, shi ne kuma na Mirabella da ta ji makomarta a talabijin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan shekara uku da fitowar fim ɗin, shirin gaskiya na R.J. Cutler mai suna The September Issue ya bi yadda aka haɗa fitowar Vogue ta Satumbar 2007 mai shafi 840, masu kallo suka gano Grace Coddington, daraktar fasaha da ke tsara hotuna masu ban mamaki tana kallo Wintour na cire su. Coddington takan yi gardama ta kuma yi nasara wani lokaci, abin da Nigel bai taɓa gwadawa ba.

Ita ma tana da ubangida

Fim ɗin bai bar Miranda a matsayin dodo ba. A ɗakin otel a Paris, Andy ta same ta babu kwalliya, idanu sun yi ja, tana faɗin cewa mijinta Stephen ya nemi saki, tana tunanin abin da jaridu za su rubuta da yadda zai taɓa 'ya'yanta. Cikin minti kaɗan ta koma maganar tsarin zaman baƙi a liyafa. Andy da kanta ta kare ta a gaban marubuci Christian Thompson, ta ce da namiji ne ke yin abin da Miranda ke yi, da ƙwarewarsa kawai za a gani. Akwai gaskiya a wannan, tarihin Vreeland da Mirabella ya tabbatar da cewa kujerar ba ta da tabbas ko ga wadda ta ninka ciniki sau uku.

Amma wannan hujja tana bayyana halin Miranda ne, ba ta wanke ta ba. A cikin mota, bayan liyafar, ta ce wa Andy tana ganin kanta a jikinta. Andy ta ce ita ba za ta iya yi wa wani abin da aka yi wa Nigel ba. Miranda ta tuna mata cewa ta riga ta yi, ga Emily. Wannan ita ce jimlar da fim ɗin duka ya doso. Andy ta sauka daga motar, ta jefa wayarta cikin ruwan da ke dandalin Concorde, ta tafi. A littafin zagi ta yi aka kore ta. A fim kuwa ta tafi ne a daidai lokacin da aka yi mata tayin zama magajiya, domin ta gane cewa hanyar hawa kujerar ita ce ta koyi sayar da na kusa da ita.

Yadda masu kallo suka sauya hukunci

A 2006 an ɗauki Nate, saurayin Andy mai aikin girki, a matsayin muryar hankali da ke kiran ta gida. Bayan shekara goma sai hukuncin ya juya. A shafukan sada zumunta aka riƙa cewa shi ne mugun labarin: ya yi fushi don ta makara ranar zagayowar haihuwarsa, abokansu sun karɓi tsadaddun kyaututtuka daga hannunta sannan suka yi wasa da wayarta Miranda na kira. A 2021, lokacin cikar fim ɗin shekara 15, Adrian Grenier da ya fito a Nate ya amince cewa masu sukar suna da hujja.

Wannan sauyi ya nuna zamanin da ya fara ɗaukar burin mace da muhimmanci. Sai dai a daidai waɗannan shekaru wani hukunci ya fito ta ɗaya ɓangaren. A 2013 wasu tsofaffin masu koyon aiki biyu, ɗaya daga mujallar W ɗaya daga The New Yorker, suka kai Condé Nast kotu bisa biyan su ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Kamfanin ya rufe shirin koyon aikin a wannan shekarar, a 2014 kuma ya amince ya biya dala miliyan 5.8 ga mutum kusan 7,500. Maganar da ake nanata wa Andy, cewa 'yan mata miliyan za su yi komai don samun gurbinta, ita ce dai hujjar da ta sa aka daɗe ana biyan irin su da alkawari. Nate bai iya faɗa ba, son kai kuma ya gauraya da maganarsa, amma tambayar da ke ƙarƙashin fushinsa tana nan: nawa ne farashin wannan shekara ɗaya, kuma wa ke biya?

A ƙarshen fim ɗin Andy ta samu aiki a wata jaridar New York, bayan Miranda ta aika wa editan saƙon cewa ita ce mataimakiyar da ta fi ba ta takaici, kuma zai yi wauta idan bai ɗauke ta ba. An cika alkawari ke nan, amma ga wadda ta tafi. Emily ta samu tufafin Paris kyauta daga Andy, ta ci gaba da zama a teburinta tana horar da sabuwar yarinya. Nigel ya koma ofis yana jira. A watan Yunin 2025 Anna Wintour ta sanar da barin kujerar editar Vogue ta Amurka bayan shekara 37, aka naɗa Chloe Malle ta jagoranci mujallar. Wintour ta riƙe muƙaminta na shugabar harkokin edita a kamfanin Condé Nast baki ɗaya, kuma a ƙarƙashinta sabuwar editar take aiki.